Reshe Biyu a Kati Ɗaya

Shekara talatin da huɗu Mai Allura ta yi tana ɗinke matattun tsirrai a jikin kati. In an tambaye ta aikinta haka take faɗa, ba ta yi masa kwalliya. Wasu ne ke fita daji su tsinko ganye da fure, su danne su a tsakanin tsofaffin jaridu har su bushe, sannan a kawo mata. Ita kuma ta shimfiɗa kowanne a kan farin kati mai kauri, ta ɗiga gam, ta bi karan da allura da zare ta ɗaure shi, ta manna 'yar takarda mai ɗauke da sunan tsiron da inda aka samo shi. Daga nan a buga wa katin lamba a kai shi kabad. Ɗakin yana hawa na biyu a cibiyar binciken tsirrai, can ƙarshen baranda, jikin banɗakin da famfonsa ya daɗe da mutuwa.

Ba aikin da ta so ba ne. Da ta gama sakandare karatun aikin jinya ta nema, jarrabawa ta kayar da ita sau biyu. Sai kawunta, wanda yake masinja a cibiyar, ya zo gida ya ce ana neman mai tsabtar hannu. Tsabta kuwa tana da ita har ta yi mata yawa. Mijinta makanikin manyan motoci ne, shekara ashirin da shida suka yi tare, bai taɓa kama mariƙin ƙofar ɗakinta ba sai ya wanke hannu da sabulu a tsakar gida. Ranar da ya rasu danginsa suka cika gidan, kuma abin da ta fi riƙewa daga ranar shi ne wani ƙanensa da ya face majina ya shafa a bangon da ta yi wa fenti. Ta haifi huɗu, uku suna raye. Duk sun watse sai babbar, wadda ta dawo gida da 'ya'ya biyu bayan aurenta ya mutu.

A farkon zuwanta ɗakin tsirran yana da doka. Tsohon Oga, wanda ya kafa shi, ko ruwan sha ba ya bari a shiga da shi. Yana mutuwa aka saki komai. Mai shara ya tura ƙura ƙarƙashin kabad ya ce ya gama. Ma'aikata suka mai da wurin ɗakin cin abinci saboda fankarsa ce kaɗai ke juyawa, su tashi su bar maiƙo a teburin da take shimfiɗa kati. Ta taɓa kama wani akawu ya zare bangon fayil ya naɗe soyayyen kifi. Ta taɓa buɗe kabad ɗin ciyayi ta tarar ɓera ta haihu a ciki, 'ya'ya bakwai jajaye suna mutsu-mutsu a kan aikinta na wata uku. Ba ta yi ihu ba. Ta kwashe su da abin kwasar shara, ta wanke hannu har gwiwa, ta rubuta takardar ƙorafi, ta sha ɗaya ke nan a shekarar. Ba wanda ya amsa.

Tsarin ɗakin ba shi da wuya ga wanda ya damu ya koya. Kowane kabad dangi ne. Kowace kanta a cikin kabad gida ce a cikin dangin. Kowane fayil a kan kanta iri ɗaya ne, ba a cakuɗa shi da kowa. A gefen fayil akwai layin fenti, kore ga tsiron da yake ko'ina, ja ga wanda ya kusa ƙarewa. Jan layin ba ado ba ne. In tsiro yana da shi, hukuma ba ta barin kowa ya taɓa wurin da yake fitowa sai cibiyar ta sa hannu.

A kabad na tara, kanta ta uku, akwai fayil biyu maƙwabtan juna. Suna da dogayen sunaye na boko, amma a ɗakin ana ce musu ta kwata da ta dutse. Dangi ɗaya, gida ɗaya, fure rawaya iri ɗaya, in ka hango su daga nesa ka ce tagwaye ne. Ta kwata koren layi gare ta. Tana fitowa a bakin lambatu, a bola, a bayan banɗakin tasha, duk inda ɗan Adam ya yi ƙazanta tana nan tana ƙiba. Ganyenta sumul, karanta fanko, kwansonta dogo siriri. Ta dutse ja gare ta. Ba a taɓa samunta ko'ina ba sai a tsagogin wani dutse guda a bayan gari, kusa da tsohon tankin ruwa, kuma ƙidayar ƙarshe ta ce tushe arba'in da ɗaya ne. Bayan ganyenta akwai gashi mai laushi, kwansonta gajere ne mai ciki, karanta a cike yake kamar itace. Mai Allura ba da ido kaɗai ta san su ba. Ta kwata, allura tana huda ta ta wuce kamar a takarda. Ta dutse sai dai a zagaye ta da zare, in aka matsa allurar ce za ta lanƙwashe.

A fayil ɗin ta dutse akwai kati guda da Mai Allura ba ta son a buɗe a gabanta. A watanta na biyu da kama aiki, Tsohon Oga ya dawo daga dutsen ya ajiye mata jarida. Ta buɗe ta ga tsiro, ga wani reshe a gefensa, ta ɗauka karyewa ya yi a hanya. Yarinya ce a lokacin, mai son a yaba mata. Ta fere bakin reshen da reza, ta haɗa shi da karan daidai gaɓa, ta ɗinke da zare mai launin karan, ta kwantar da ganye a kan wurin. Ko ita da ta yi, sai ta ƙura ido take gane mahaɗar. Tsohon Oga ya ɗaga katin ya ce bai taɓa ganin hannu irin wannan ba. Idonsa ya riga ya fara mutuwa, kyan shimfiɗar yake kallo, ba kwanson ba. Ya sa katin a aljihun teburinsa, duk baƙon da ya zo sai ya fito da shi ya nuna.

Sai da ta shekara biyu tana huda kara, wata rana ta kalli katin, ta gane. Reshen na ta kwata ne. A gindin dutsen Tsohon Oga ya tsinko shi, inda ruwan tanki ke zuba, ya jefa su a jarida ɗaya. Da hannunta ta ɗinke ciyawar bola a jikin tsiron da babu irinsa. Ta yi niyyar faɗa. Ta ce gobe, ta ce bari baƙi su tafi, ta ce bari a gama maganar ƙarin girma. Katin da aka buga wa lamba ba a taɓa shi sai da izinin shugaba, izini kuwa sai an faɗi dalili. Ta lallashi kanta da cewa akwai wasu katunan ta dutse goma sha huɗu, duk lafiyayyu, mai bincike su zai duba. Sai aka yi shekara uku ba a sayi maganin ƙwari ba. Ƙwari suka cinye sha huɗun nan suka bar gari da zare. Na aljihun tebur kaɗai ya tsira, shi ne daga baya aka mayar cikin fayil ɗin.

Saura mako uku ta yi ritaya, ranar wata Juma'a, Dakta ya kira ta ofishinsa. Shi ne shugaban ɗakin na yanzu, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ya yi karatu mai zurfi, kuma ba mugu ba ne. Sai dai yana ɗora kofin shayi a kan fayil, yana lasar yatsa kafin ya buɗe takarda, tsirrai kuwa a fuskar kwamfuta yake kallonsu.

"Mama, zo ki ga abin da aikinki ya haifar," ya ce.

Hoton katin ne ya cika fuskar kwamfutar.

"Kin gani? Tsiro ɗaya. Ƙasa ganye mai gashi, sama ganye sumul. Nan gajeren kwanso, nan dogo. Shekara da shekaru ana cewa iri biyu ne, ashe iri ɗaya ne. In ta fito a dutse ta yi gashi, in ta fito a kwata ta yi santsi. Shi ke nan."

"To," ta ce.

"Zan haɗe fayil ɗin biyu. Jan layin zai tafi."

"Dutsen fa?"

"Masu fasa dutse shekara shida suna jiran amsarmu. Ranar Alhamis zan kai wa Darakta takarda ya sa hannu. Ciyawar da ke bayan banɗakinmu ba za ta tsare wa mutane aiki ba."

"Ka je dutsen ka gani da idonka?"

"Motar cibiya ba ta da taya, Mama. Kuma me zan gani a can da bai fito a nan ba?" Ya yi dariya da burodi a bakinsa, wani jiƙaƙƙen gutsure ya faɗo kan tebur. "Hoton nan ma shi za mu sa a takardar bikin sallamarki. Darakta ya ce a rubuta a ƙasa, shekara talatin da huɗu ba kuskure."

Ta kalli gutsuren burodin. Ƙyamar da ta ji, ta san wannan karon ba ta burodin ba ce. Ta ce Allah ya taimaka, ta fita.

Da yamma ta tarar da babbar 'yarta a tsakar gida tana wankin kayan makarantar yara. Mai Allura ta zauna a kujera ko mayafi ba ta cire ba.

"Inna, yau kuma wa ya yi ƙazanta?" 'yar ta tambaya ba ta ɗago ba.

"Ni."

Ta ba ta labarin tun daga jaridar har zuwa Alhamis. 'Yar ta matse riga ta jefa a bokiti.

"Ciyawa ce fa, Inna. Ki yi shiru ki karɓi agogon bangonki ki dawo gida. Wa zai sani?"

"Ni na sani."

"Shekara talatin da biyu kin sani, kuma minsharinki har ɗakina nake ji."

"Ke, ki iya bakinki."

"Na iya shi ai. Ranar da na dawo gidan nan da akwatina me kika ce mini? Kika ce wanda ya yi ɓarna ya buɗe baki ya faɗa, kar ya bari a tono. A gaban ƙannena kika faɗa, ko ruwa ba ki bari na sha ba." Ta ɗauki wata rigar ta goga mata sabulu. "Ni dai ban ce ki faɗa ba, ban ce kar ki faɗa ba. Daɗi kawai na ji da na ji ke ma mutum ce."

Mai Allura ta ja tsaki ta shige ɗaki. Abincin da aka ajiye mata haka ya kwana a rufe.

Ranar Litinin ta je ƙofar Dakta sau biyu. Na farko ta ji yana waya, ta ce ba ladabi ba ne a katse mutum. Na biyu ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta tuna fuskar akawun nan mai kifi, wanda ta wanke tas a gaban mutane shekara takwas da suka wuce, ta sauke hannun. Ta koma teburinta ta ɗinke kati shida, duk na ta kwata, tana soka musu allura kamar su suka yi mata laifi.

Ranar Talata ta nemi wata hanyar. In Dakta ya je dutsen ya ga tsiron a tsaye, wataƙila shi da kansa ya yi shakka, ba sai ta buɗe baki ba. Ta sauka wurin ajiye motoci. Direban cibiyar, wanda tare suka tsufa a wurin, yana kwance a cikin motar da aka ɗora kan bulo, ƙafafunsa a waje.

"Yaya, miji kika zo nema kafin ritaya?"

"In miji zan nema ba zan nemi mai warin dizal ba, na gama wannan makarantar. Tashi ka rufe ƙafafun nan, ƙudaje na bin su. Yaushe za a sa wa motar nan taya?"

"Ranar da za a gyara famfon banɗakinku."

"Dutsen tanki nake son a kai Dakta."

Direba ya tashi zaune. "Wane dutse? Ai ranar Asabar na bi ta can, na ga katafila biyu a gindinsa. An kafa rumfa, har da mai gadi."

"Ba a sa hannu ba tukuna."

"Yaya, a gidan nan takarda ke bin magana, ba magana ke bin takarda ba. Wani ya riga ya raɗa musu."

Ta hau bene tana riƙe ƙarfen matakala, wanda rabonta da taɓa shi da tafin hannu har ta manta. Ta isa ƙofar Dakta ta tarar ya tashi, wai ya tafi ɗauko yara daga makaranta. Ta ji sanyi a ranta, kuma ta ji ƙyamar wannan sanyin.

Ranar Laraba da sassafe ta ciro katin daga kabad na tara, ta ɗauki allura da gilashin ƙara girma, ta shiga ofishinsa ba ta jira izini ba. Ta ɗauke kofin shayinsa ta ajiye a ƙasa, ta share teburin da tsummanta, ta shimfiɗa katin.

"Lafiya, Mama?"

"Ba lafiya ba. Matso."

Ta sa bakin allura ta ɗaga ganyen da ya rufe gaɓar. Ta miƙa masa gilashin. Ya sunkuya ya daɗe. Zaren yana nan, ɗinki tara ƙanana a jere, kyawawa, ko yanzu ba ta jin za ta iya yin irinsu.

"Wannan fa?"

"Ɗinki ne. Ƙasa ta dutse, sama ta kwata. A jarida ɗaya aka kawo mini su, na ɗauka karyewa ya yi, na haɗa."

"Ke kika haɗa?"

"Akwai wani mai allura a gidan nan ban da ni?"

Ya ce ba zai yiwu ba. Ta ba shi allurar ta ce ya soka a reshen sama. Ya soka, ta shige. Ta ce ya soka a ƙasa. Ya soka, ya danna, allurar ta lanƙwashe a hannunsa. Ya zauna yana kallonta kamar wanda aka mara.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara talatin da biyu."

"Ranar Juma'a ina nuna miki, kina tsaye a nan, kika ce mini to."

"Na ce to."

"Na riga na aika rubutuna ga mujalla, Mama. Da sunana. Na faɗa wa Darakta. Na faɗa wa malamin da ya koyar da ni." Ya cire tabarau ya murza ido. Can ya rage murya. "Saura miki mako biyu da kwana biyu. Da kin yi shiru, da ba wanda ya ji kunya, ni da ke."

"Kunyata na daɗe ina goyonta, ba ta yi mini nauyi yau ba. Tushe arba'in da ɗaya ne a dutsen nan, kuma katafila tana gindinsa."

"Wa ya ce?"

"Direba ya gani. Kai da ka je da ka gani."

Ya jawo katin gabansa.

A ɗakin tsirrai ba a goge kuskure. Ba a yage kati, ba a sake shi. Ana rubuta abin da aka gano a 'yar takarda, da kwanan wata, da sunan wanda ya yi, a manna a jikin katin ya zauna nan muddin katin yana duniya. Dakta ya ɗauko takardar ya rubuta cewa iri biyu ne a katin, an haɗa su bisa kuskure wajen ɗinki. Ya tsaya nan.

"Ba ka gama ba," ta ce.

"Ya isa haka."

"Kuskuren wa? Aljani? Rubuta sunana, har da na ubana. Ka rubuta shekarar da na gane ban faɗa ba."

Ya rubuta. Ta karɓa ta karanta, ta gyara masa harafi guda a sunan mahaifinta, ta ɗiga gam a kusurwa huɗu ta manna da kanta, a miƙe, ba karkata. Shi kuma ya sa hannu a ƙasa.

Kafin azahar ta Alhamis labari ya gama benen. Darakta ya yi faɗa har ana jiyo shi daga baranda, domin shi ne ya ba masu fasa dutsen baki tun makon jiya. Duk da haka bai sa hannu ba, ba shi da abin da zai sa wa hannu. Jan layin ya zauna. Aka kira mai buga takardar biki aka ce ya cire hoton, ya cire kalma biyun ƙarshe. Akawun kifi ya leƙo ɗakin tsirrai sau uku ba tare da wani aiki ba, yana murmushi. Mai shara ya jingina da tsintsiyarsa ya ce, "Ashe Mama ma tana tura ƙura ƙarƙashin kabad."

"Na tura," ta ce. "Ni na ciro tawa. Taka tana nan, sunkuya."

Ranar Juma'a aka aro taya daga motar Darakta. Su uku suka tafi, Direba da Dakta da ita a baya, ta shimfiɗa tsumma a kujerar kafin ta zauna. Rabonta da dutsen shekara goma sha tara.

Tun daga nesa suka ga gefen da ke kallon tanki ya zama jan tabo. An kankare shi daga ƙasa har kusan tsayin mutum uku, an tara ɓaraguzai a gefe. Katafilolin suna tsaye, an rufe ɗaya da tamfol. Mai gadi ya fito daga rumfa yana ɗaure wando.

"Yaushe aka yi wannan?" Dakta ya tambaye shi.

"Litinin da Talata, ranka ya daɗe. Share hanya kawai aka yi. Ranar Laraba da rana aka bugo waya aka ce a tsaya."

Dakta ya juyo ya kalle ta. Ba ta kawar da kai ba.

"Da ranar Litinin kika faɗa, Mama."

"Na sani."

Suka hau. Ita a hankali, da sandar da Direba ya karyo mata. Tsagar farko da suka isa, ma'aikatan sun mai da ita banɗaki, ƙudaje sun yi baƙi a kai, ga takardu da ledoji, ga kuma ta dutse guda biyu a tsakiyar abin suna fure. Ta toshe hanci da mayafi ta ƙidaya su. Ta kwata kuwa har ta fara tsirowa a gindin ɓaraguzan, inda ake zubar da ruwan wanke-wanken rumfa, kore shar.

Dakta ya durƙusa da wandonsa mai guga a gaban wani tushe, ya juya ganyen, ya shafa bayansa da babban yatsa. Ya kama karan ya gwada lanƙwasawa.

"Ba su ma yi kama ba," ya ce a hankali.

"A tsaye ba su yi ba."

Suka bi tsagogin ɗaya bayan ɗaya, tana nunawa da sanda, yana rubutawa. Direba yana ƙasa yana zagin mai gadi a kan banɗakin, mai gadi yana cewa ba shi kaɗai ba ne. Rana ta take. Gwiwarta ta fara ciwo tun a na goma. Da suka gama ta ce a sake daga sama zuwa ƙasa, suka sake.

"Ashirin da uku," in ji Dakta.

"Wanne ne na ukun?"

Ya nuna mata. A bakin inda katafila ta tsaya yake, wani ƙaton dutse ya faɗo ya danne rabinsa. Furensa yana nan rawaya. Ta sunkuya da ƙyar, ta tone ƙasar gindinsa da yatsa. Saiwar ta tsage biyu, ta fara baƙi.

"Wannan ba zai ga mako mai zuwa ba."

"Amma yau yana raye, Mama. Bari in sa shi."

"Ka sa shi, wani ya zo baɗi ya dogara da lissafinka."

Ya tsaya da biro a hannu yana kallon furen. Ta dafa sandar ta miƙe.

"Rubuta ashirin da biyu," ta ce.